Kawu Direba da Motar da Ba Ta Tari

Kawu Direba bai gaji tuƙi ba. Mahaifinsa gyaran takalma yake yi a gindin wata katanga kusa da babbar tasha, kuma babu abin da yake so a duniya kamar ɗansa ya zauna gefensa ya koyi riƙe allura. Shi kuwa Kawu tun yana ƙarami idonsa na kan motocin da ke shiga da fita. Ya fara da wankin taya, ya koma jidar kaya, ya yi kwandasta har ƙafarsa ta saba da tsayuwa a bakin ƙofa, daga baya wani direba mai ciwon baya ya koya masa riƙe sitiyari don ya riƙa hutar da shi. Da ya yi aure aka fara haihuwa, yayarsa tela ta sa masa hannu, ya sayi wata bas da kamfani ya gaji da ita ya jingine a bayan gareji. 'Ya'yan yayar tasa ne suka fara kiransa Kawu, sai unguwa ta ɗauka, har tsofaffin da suka girme shi.

Motar ba sabuwa ba ce ranar da ya saye ta, shi ya sa tun ranar ake ce mata Tsohuwa. Kujerunta an sake musu fata har an gaji, ƙofarta da igiya ake riƙe ta, gilashin baya kuwa rabinsa katako ne. Wata rana ta tashi da murɗa makulli ɗaya, wata rana sai an tara majiya ƙarfi sun tura. Amma ita kaɗai ce motar da ke hawa unguwar kan tudu. Sauran direbobi sun ƙi layin, wai hanyar ta yi ƙunci, hawan kuma yana cinye kuloci. Kawu ya ce shi a can yake kwana, a can yayarsa take, kuma ba zai iya kallon tsofaffi suna hawa da ƙafa ba. Gidansa yana tsakiyar hawan, na yayarsa yana can ƙarshe inda ake juya mota.

Hawan nan wahala ne ga Tsohuwa, kuma ba ta ɓoyewa. Da ta tsallake kwalbatin da ke gindin tudu Kawu zai sauya giya, sai ta yi wani dogon nishi kamar ana jan gadon ƙarfe a kan siminti. A kwanar injin niƙa salansa, wato bututun hayaƙinta, takan yi tari, wani lokaci da ƙara kamar taya ta fashe. A hawan ƙarshe kuma sai wani siririn kuka, har ta kai ƙofar yayarsa ta juyo, sannan ta gangaro tana kwasar mutane. Ba ta da lokaci. Kawu da kansa yakan ce Tsohuwa ba ta san agogo ba, agogo ma bai san ta ba. Duk da haka bai taɓa gangarowa da kujera babu mutum ba. Duk ƙofar da ya iso sai ya tarar da mai ita yana fitowa, kamar an aika masa. Kawu bai taɓa tambayar kansa yadda hakan ke faruwa ba, ya ɗauka ƙauna ce. In direbobi suna kukan rashin fasinja a tasha, sai ya gyara zama ya ce shi mutanen tudu mutanensa ne, ko a rufe musu ido sun san zuwansa.

Abin da ba ya son a taɓa masa shi ne zancen hayaƙi. Baƙi ne wuluk, mai kauri, in motar ta wuce sai ya tsaya a layi ya ƙi tafiya. Matarsa, wadda yara ke kira Umma, ta daina shanya farin kaya a gaban gida, tagogin da ke kallon titi kuwa a gidaje da yawa an toshe su da kwali. In Umma ta yi magana sai ya ce hayaƙi numfashin inji ne, kuma da wannan hayaƙin yara suka yi makaranta. Kwandastansa, Gajere, sa'ansa ne, tare suka yi furfura. Shekarun da ya yi yana tsaye a ƙofar baya, daidai saman salansa, sun tafi da muryarsa. Da can in ya kira layi ana jin sa daga wancan ɓangaren tasha. A ƙarshe sai dai ya yi magana kamar mai raɗa, in kana son jin tsiyar da yake yi maka sai ka kawo kunne kusa. Likita ya gaya masa dalili, ya dawo ya gaya wa Kawu. Kawu ya ce likitan bai san surutun Gajere ba ne, murya ma tana ƙarewa in an cika amfani da ita.

Zancen tsabtace iskar gari a rediyo ya fara. Kusan kullum sai an kawo wani likita ya yi bayanin yaran da ake kwantarwa da ciwon ƙirji, da tsofaffin da numfashi ke yi wa wuya. Daga nan aka zo aka ɗaura wani ƙaramin akwati a kan sandar fitila a tsakiyar tasha, aka ce yana auna dattin da ke cikin iska. Direbobi suka sa masa suna Munafuki. Gajere kan je ƙarƙashinsa ya yi tari da gangan, wai don ya samu abin kai wa iyayen gidansa.

Ba a daɗe ba aka kira taro. Wata jami'a ce ta zo daga ofishin sufuri, mace mai sanyin magana, wadda ke cire tabarau in za ta saurari mutum. Ta ce gwamnati ta ware kuɗi don a rage hayaƙin da mutane ke shaƙa. Duk mai tsohuwar bas ya kawo ta a karɓa a narkar, a ba shi sabuwa mai aiki da lantarki ya tuƙa a ƙarƙashin ƙungiya. Wanda ya ƙi ba za a ƙwace masa ba, amma nan gaba kaɗan motarsa ba za ta shiga gari ba. Ta ƙara da abu ɗaya. Motocin ba su da yawa, gari kuma yana da faɗi, don haka duk layin da aka gwada aka ga ba ya samun fasinja, za a ɗauke motar a mayar da ita babban titi. Kawu da ya ji wannan sai ya yi dariya a ransa. In dai fasinja ne, ai shi ba shi da fargaba.

Rabuwa da Tsohuwa ce ta yi masa wuya. Ya yi ta jan ƙafa har yawancin abokansa suka miƙa nasu. Ranar da ya yanke shawara ya wanke ta da kansa, ciki da waje, har ƙarƙashin kujeru. Ranar kuwa ta tashi da murɗa makulli ɗaya, abin da ya fi komai ba shi haushi. Ya kai ta filin da aka jera 'yan uwanta, ya miƙa makulli. Gajere ya so ya cire madubi ya ajiye, Kawu ya hana, ya ce a bar ta ta tafi da mutuncinta. Bai tsaya ya ga abin da za a yi mata ba.

Aka koya musu tuƙin sabuwar. Ba ta da giya, ba ta da kuloci, amma hannun Kawu ya daɗe yana lalube a gefensa yana neman sandar da babu, ƙafar hagunsa kuma tana taka ƙasa a banza. Aka ba su rigar aiki mai aljihu biyu, aka gindaya musu dokoki. Mota tana kwana a wurin caji. Tana tashi a kan lokaci, ta dawo a kan lokaci. Ba a danna hon a cikin unguwa sai in za a kauce wa haɗari. Akwai kuma wata na'ura a bakin ƙofa da ke sanar da ofis yawan waɗanda suka shiga. Gajere ya dube ta ya ce ashe Munafuki yana da ƙanwa.

Ranar farko unguwa ta fito gaba ɗaya, don an sanar. Aka shafa kujeru, aka leƙa ƙarƙashin mota ana neman salansa, aka yi wa Kawu barka. Ya gangaro da mota cike, zuciyarsa fari tas. Ya lura ba ya jin komai sai motsin taya a kan tsakuwa da hirar mutane a bayansa. Ashe haka fasinjansa ke da labari, shi duk shekarun nan bai taɓa jin ko kalma ɗaya ba.

Washegari ya hau tudu ya tarar da ƙofofi a rufe. Ya juya a ƙofar yayarsa, ya ɗan tsaya, ko labule bai motsa ba. Ya gangaro da mutum uku ko huɗu da ya tsinta a hanya. Ya ce wa ransa ranar ce ta zo da haka. Amma gobe ma haka, jibi ma haka. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne, in ya wuce wata ƙofa ya dubi madubi, sai ya ga mai gidan ya fito yana tsaye, hannu a ƙugu, yana bin motar da kallo. Wato jira yake ya wuce sannan ya fito. Masu babur kuwa suka samu kasuwa, suna ta hawa da sauka da mutanen da Kawu ya san sunan jikokinsu.

Gajere yana da bayani iri-iri. Yau ya ce tsoro suke ji, wai in aka yi ruwa motar za ta ja mutum kamar wayar wuta. Gobe ya ce fushi suke yi an ba da Tsohuwa ba a yi shawara da su ba. Wanda ya fi zama a ran Kawu shi ne na uku, wato hassada. An ga ɗan mai gyaran takalma cikin rigar aiki da sabuwar mota, zukata sun kasa ɗauka. Tun daga nan Kawu ya sauya. In ya dawo da ƙafa daga wurin caji sai ya bi gefen hanya kansa a ƙasa, gaisuwa ma a taƙaice. Ya daina zama a shagon kwanar niƙa, inda ya saba hira. Ya daina hawa wurin yayarsa, don ita ce ta fi ba shi mamaki.

Har gida abin ya shigo. A da in ya zo wucewa sawun rana, Umma tana bakin ƙofa da kwanon abinci a ɗaure, Gajere ya miƙa hannu ya karɓa ba tare da mota ta tsaya ba. Yanzu sai ya rage gudu ya ga ƙofa a rufe, ya wuce da yunwarsa. Da ya yi mata magana ta ce wallahi ba ta ji shi ba. Ya ce haka ne, yanzu kowa a unguwar nan ya kurumce, har da na cikin gidansa. Umma ba mai ja-in-ja ba ce, ta koma ba shi abincin tun da safe yana tafiya da shi yana hucewa.

Bayan 'yan makonni jami'ar ta kira shi ofis. Ta ba shi kujera, ta cire tabarau, ta ce abin da na'ura ke nunawa ba shi da daɗi. A babban titi mutane suna tsaye suna rububin mota, tasa kuma tana yawo a kan tudu kusan babu kowa. Ba ta son yanke hukunci daga kan tebur, don haka farkon wata mai kamawa za ta zo ta hau da kanta. In ta ga abin da na'ura ta gani, za a ɗauke motar. Aikinsa yana nan, zai koma babban titi ne kawai. Kawu ya ce to. A hanyar dawowa ya yi ta tunanin babban titi, inda mutum zai shiga ya fita bai san sunanka ba, da tudu, wanda zai koma ba shi da mota ko ɗaya. Wani ɓangare na zuciyarsa ya ce ai su suka so. Ɗaya ɓangaren ya tuna masa gwiwar yayarsa.

Ranar hutunsa da la'asar yana zaune a tsakar gida yana gyara maɗaurin takalmi, sai ga yayar tasa ta shigo tana dogara lema, gumi ya jiƙa mata wuya. Da ƙafa ta gangaro. Ba ta amsa gaisuwar kowa ba sai da Umma ta ba ta ruwa ta sha, ta zauna, ta miƙe ƙafar mai ciwo. Sannan ta dubi ƙanenta.

"To, ma'aikacin gwamnati, an same ka a ofis?"

"Yaya, wace irin magana ce wannan?"

"Irin wadda ake yi wa wanda ya samu riga mai aljihu biyu ya manta ƙofar gidan yayarsa. Ni da na goya ka, yau ni ce a bayan babur da wannan gwiwar, ana gudu da ni kamar an sato ni."

Kawu ya ajiye takalmin. Ya ce in akwai wanda aka manta ai shi ne. Kullum yana juya mota a ƙofarta, kullum ƙofar a rufe, kamar an haɗa baki.

"A ƙofata? Yaushe?"

"Da safe mana, kamar yadda aka saba."

"To ni ina ciki ina jiran ka taho."

"Ai na taho."

"Ban ji ka ba."

Kawu ya buɗe baki zai ce ita ma ta kurumce, sai ya dubi Umma, wadda ta tsaya da bokiti a hannu tana kallonsa. Kalmar da Umma ta faɗa masa ce, ba ƙari ba ragi. Ya mayar da bakinsa ya rufe.

Yayar ta yi masa bayani kamar mai gaya wa yaro abin da kowa ya sani. In Tsohuwa ta yi nishin kwalbati, ita sai ta ɗauke ƙafa daga kan keke ta naɗe ɗinki. In ta yi tarin kwanar niƙa, sai ta ɗauki mayafi da jaka. In ta fara kukan hawan ƙarshe, sai ta ja ƙofa ta sa makulli, tana juyowa mota tana tsayawa. Umma ta ce ita ma da nishin kwalbati take zuba abinci, da tarin niƙa take ɗaure kwano. Malamin makarantar da ke maƙwabtaka da su da nishin yake fara aski. Matar mai shago da shi take tashin yara. Kowane gida a tudun nan yana da nasa lissafin, gwargwadon nisansa da kwalbati, kuma ba wanda ya taɓa zama ya tsara shi, haka kawai kunne ya koya.

"Kai da can zaton me kake yi?" in ji yayar. "Duba muke yi mu san ka taho?"

"To wanda nake gani a madubi fa, yana tsaye yana hararar mota?"

"Ya gaji da jira ne ya leƙo, ya ga ƙeyarka. Me kake so ya yi, ya tafa maka?"

Umma ta ajiye bokiti ta yi dariya har da riƙe ciki. Kawu bai yi ba. Yayar ta ƙara masa da abin da unguwa ke faɗa, wai tun da ya zama mai albashi ya daina buƙatar kowa, shi ya sa yake sanɗa ya wuce, ko gaisuwa ya rage. Kawu ya daɗe yana kallon ƙasa. Abin da ya ɗauka ƙauna ce ashe salansa ce, abin da ya ɗauka ƙiyayya ce ashe shiru ne. Da ya ɗago sai ya gaya musu zancen ofis, wanda bai gaya wa ko Umma ba. Dariya ta ɗauke. Yayar ta dubi gwiwarta.

Da Gajere ya ji labari ya ce abu mai sauƙi, a ɗaura wa motar gwangwanaye a baya, ko a nemo tsohuwar salansa a rataya mata don ado. Shi da zai iya kira da ya kira, amma muryar ta bi Tsohuwa. Kawu ya koma wurin jami'ar ya roƙi a bar shi ya riƙa danna hon daga kwalbati. Ta saurare shi har ƙarshe, ta ce dokar hon ba tata ba ce balle ta ɗage, kuma ko an ɗage, hon nawa ake dannawa a tudun nan daga safe zuwa yamma? Wa zai gane nasa? Ta ce tsohuwar motarsa ba ta san agogo ba, amma wannan ta sani, ya je ya gaya wa mutanensa lokaci. Ranar zuwanta kuma tana nan yadda aka sa.

Gaya wa mutane lokaci ba wuya ba ne. Wuyar ita ce tsayawa a ƙofar mutumin da ka yi makonni kana wuce shi da guntuwar gaisuwa. Kawu ya fara daga ƙasan tudu da yamma bayan ya ajiye mota, Umma tana biye da shi don ta shiga wurin mata. A kowace ƙofa sai ya fara ba da haƙuri, sannan ya saurari nasa rabon na ƙorafi, sannan ya faɗi lokacin da mota ke isowa daidai wurin. Wasu suka yi dariya suka ce ya wuce. Wasu suka ja zancen. Malamin makaranta ya ce shi ya riga ya yi alkawari da wani mai babur, ba zai saɓa ba sai ƙarshen wata. Wata tsohuwa ta ce agogon bangonta ya tsaya tun rasuwar mijinta, ba ta ga dalilin sa masa batir ba, Kawu ya saya ya sa mata. Mai niƙa ya ce in injinsa yana aiki ko ƙarar Tsohuwa da ƙyar yake ji, shi dai a bar shi da ƙafarsa.

Akwai kuma tambayar da Kawu bai yi tsammani ba. In an fito kafin mota ta iso, a ina za a tsaya? A tudun nan ba wanda ya taɓa jiran mota a waje. Titin wurin wucewa ne da sauri, hannu a kan hanci, ba wurin tsayuwa ba. Ba benci, ba dakali, ba rumfa. Kafintan da ke kusa da kwanar niƙa ya ce yana da wani dogon benci da aka sa shi ya yi ba a zo an karɓa ba, ya jawo shi waje ya ajiye a inuwar katanga. Da farko ba mai zama, kowa yana jin kamar za a ce ba shi da aikin yi. Sai wata mai jego ta zauna da jaririnta wata safiya, ta ga ba abin da ya shiga mata ido ko maƙogwaro. Sannu a hankali aka fara zama. Wani ya fito da kujerar roba. A wani gida aka cire kwalin taga don a hango hanya daga ɗaki, aka ga ɗakin ya yi haske, ba a mayar ba.

Ba a saba da sauri ba. Wasu sukan fito da wuri su gaji su koma ciki, mota ta zo ta wuce. Wasu sukan fito a makare su tsaya hannu a ƙugu, amma yanzu in Kawu ya gan su a madubi yakan taka birki. Gajere ya ce wannan ba fasinja ba ne, 'yan makaranta ne ake koya wa sabon karatu, kuma dukkansu daƙiƙai.

Ranar da jami'ar ta zo, ta shiga tun daga tasha ta zauna a kujerar baya kusa da ƙofa, ba ta ce a sanar da kowa ba. Kawu ya tsallake kwalbati. Motar ta hau shiru. Ƙofofi da yawa a rufe suke. A saman tudu ya tarar da yayarsa a tsaye da lema da jaka, ta shiga tana cewa ta kusa tsufa a wurin. A gangarowa aka samu biyu a nan, ɗaya a can. A bencin kafinta mutane suna jere, suka miƙe gaba ɗaya. Tsohuwar mai agogo ta fito tana ƙarshen ɗaura ɗankwali. Malamin makaranta ya wuce su a bayan babur ya ɗaga hannu yana kau da kai. Kafin a kai kwalbati an wuce rabin kujeru, amma mota ba ta cika ba, kuma Kawu ya san ba ta cika ba.

A tasha jami'ar ta jira kowa ya sauka, sannan ta zo gaba ta tsaya kusa da shi. Ta ce ba za ta ɓoye masa ba, abin da ta gani bai kai na babban titi ba. Amma ta ga tsofaffi da masu goyo waɗanda in aka ɗauke motar ba su da wata. Za ta bar wa tudu sawun safe da na yamma. Da rana, lokacin da unguwar ke shiru, motar za ta je ta taimaka a babban titi. In mutane suka ƙaru a sake dubawa, in suka ragu ma a sake dubawa.

Kawu ya so a ce duka aka bar masa. Ya yi lissafin waɗanda ke zuwa asibiti da rana, da yadda zai koma ƙofa ƙofa ya gaya musu su riƙa fita da safe. Sannan ya ce ya gode, Allah ya saka da alheri. Ta ce ba ita ya kamata ya gode wa ba, ta mayar da tabarau ta sauka.

Gajere ya matso ya kawo baki kusa da kunnensa.

"Maigida, rabi muka samu ke nan."

"Rabi muka samu. Share motar, akwai sauran sawu ɗaya kafin rana ta yi."

Gajere ya ɗauko tsintsiya daga ƙarƙashin kujera yana ƙunƙuni. Kawu ya dubi agogo, ya gyara madubi, ya jira lokaci ya cika, sannan ya juya kan motar zuwa tudu.